James Parkinson, likitan unguwar da ya gano ciwon karkarwa tafiyar hawainiya yake yi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsoho mai karkarwar hannu, kofin shayi na kaɗawa a hannunsa, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku kamar ana ingiza shi ta baya, to ya ga abin da likitoci ke kira cutar Parkinson. Mutane da yawa sun ɗauka sunan wata ƙwayar cuta ne ko na wani gari. Sunan mutum ne, wani likitan unguwa a birnin Landan da ya rasu kimanin shekara 200 da suka wuce. Ranar haihuwarsa, 11 ga Afrilu, ita aka keɓe tun 1997 don tunawa da masu wannan ciwo a duniya, kuma a nan Figil da Gidar da Garwa tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya fi jigata su.

Tarihin mutumin nan yana da amfani ga duk gidan da ke jinyar irin wannan majinyaci, saboda abu guda da ya lura da shi: ciwon a hankali yake tafiya, shekara da shekaru. In dattijo jiya ya je masallaci da ƙafarsa, yau ko jibi ya kasa tashi daga tabarma, to wani abu ne dabam ya shigo, kuma sau da yawa abin yana da magani.

Ɗan mai magani

An haifi James Parkinson ranar 11 ga Afrilu 1755 a gida mai lamba 1 a dandalin Hoxton, gabashin Landan. Tsaran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, wata huɗu kacal Shehu ya ba shi. Mahaifinsa, John Parkinson, mai haɗa magani ne kuma mai fiɗa. A Ingila ta wancan zamani manyan likitoci masu takardar jami'a na attajirai ne, talaka kuwa wurin irin su John yake zuwa, a ɗinke masa rauni, a yi masa ɗori, a cire masa haƙori, a ba shi magani daga kanta. Shekara 10 kafin a haifi James, wato a 1745, masu fiɗa a Landan suka raba ƙungiya da wanzamai. Kun ga ke nan sana'ar ba ta yi nisa da ta wanzaminmu ba, har da tsaga da ƙaho.

A kantar mahaifinsa James ya tashi, yana daka magani yana bin sa gidajen marasa lafiya. A 1776 ya yi wata shida yana koyon aiki a Asibitin Landan. Shekara guda bayan haka wata ƙungiyar ceton rai ta ba shi lambar azurfa, saboda ya taya mahaifinsa farfaɗo da wani mutum da aka same shi a rataye, an riga an fid da rai da shi. A 1784 ya karɓi takardar shaidar aikin fiɗa, a shekarar kuma mahaifinsa ya rasu, ya gaji gidan da kantar da marasa lafiyan unguwa baki ɗaya. A 1785 ya riƙa zuwa karatun maraice wurin John Hunter, babban mai fiɗa na lokacin, yana rubuta duk abin da malamin ya faɗa da gajeren rubutu na sauri. Ɗansa ne ya buga waɗannan darussa a 1833, bayan rasuwarsa.

Ya auri Mary Dale a cocin St Leonard na unguwar Shoreditch, cocin da aka kai shi yana jariri, kuma nan aka rufe shi. Duk rayuwarsa a cikin wannan 'yar unguwa ta gudana. Wannan zama wuri ɗaya ya ba shi abin da manyan likitocin fada ba su da shi: yana ganin mutum ɗaya bana, ya gan shi baɗi, ya gan shi bayan shekara biyar, ya san yadda jikinsa ya sauya.

Siyasa ta kusa cinye shi

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tada hankalin masu mulkin Ingila, ya kuma zaburar da matasa masu neman gyara. Parkinson, da kullum yake shiga gidajen matalauta, ya bi sahun masu gyara. Ya shiga wata ƙungiyar masu sana'a da 'yan ƙwadago ta Landan da ke neman a ba kowane namiji damar jefa ƙuri'a, a kuma riƙa zaɓen majalisa duk shekara. Ya rubuta ƙasidu masu zafi da sunan aro, Old Hubert, kan haraji da yaƙi da halin da talaka ke ciki.

A 1794 gwamnati ta ce ta gano wata maƙarƙashiya ta kashe Sarki George na Uku da kibiya mai dafi, wadda za a harba daga bindigar iska. Aka kama wasu abokan Parkinson. Shi kuma aka kira shi gaban majalisar sarki, Firayim Minista William Pitt na zaune. Ya ƙi yin rantsuwa sai da aka tabbatar masa ba za a tilasta shi ya faɗi abin da zai ɗaure kansa ba, sannan ya ba da shaidar da ta taimaki abokansa. Ba a tuhume shi da komai ba. Abokan sun sha zaman kurkuku na watanni kafin a wanke su. Daga baya dokoki suka tsananta, ƙungiyoyin gyara suka mutu, shi kuma ya mai da alƙalaminsa kan lafiya.

Littafi don iyali, da sha'awar duwatsu

A 1799 ya fitar da littafin nasihohin lafiya don iyalai. A ciki ya jera alamomin ciwo, ya nuna wacce za a iya jinyarta a gida, wacce kuma ke nufin a ruga a kira likita ba tare da jira ba. Damuwarsa biyu ce: sakaci da ciwo har ya ci ƙarfin mutum, da kuma ɗura wa majinyaci maganin da bai dace ba. A 1800 ya rubuta wani ƙarami don mutanen ƙauye. Ya yi rubutu kan haɗurran wasan yara, kan ciwon gaɓɓai da ya addabi mahaifinsa da shi kansa, da kuma kan gyaran dokar gidajen masu taɓin hankali, domin unguwarsa cike take da su kuma yana duba marasa lafiya a ɗaya daga ciki.

A 1812 shi da ɗansa John, wanda shi ma ya zama likita, suka ba da labarin wani yaro mai shekara biyar da ciwon ciki ya taso masa farat ɗaya, ya rasu cikin ƙanƙanin lokaci. Da aka buɗe cikin, sai aka ga ɗan tsiron hanjin nan, afendis, ya huje. Yana cikin rahotannin farko da Turanci da suka nuna hujewar afendis tana kisa.

Abin da ya fi ba shi suna a zamaninsa kuwa duwatsu ne. Yana tara duwatsun da ke ɗauke da sauran halittun da suka shuɗe, katantanwa da kifi da itace da suka zama dutse. Ya buga babban littafi mai juzu'i uku a kansu, a 1804 da 1808 da 1811, kuma yana cikin mutum 13 da suka kafa Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan a 1807. Da ya zo nan da ya sami abin kallo, domin a kwarin Baburi da Figil masana sun gano sawun manyan dabbobin da, dainoso, a jikin dutse. Mai karanta dutse dole ya iya haƙuri, ya bambance abin da ya taru a hankali da abin da ya faru dare ɗaya. Da wannan idon ya kalli masu karkarwa.

Mutum shida

A 1817, shekarar da Shehu ya rasu a Sakkwato, Parkinson yana da shekara 62 ya buga wani ɗan littafi mai shafi 66, An Essay on the Shaking Palsy, wato bayani kan shanyewar jiki mai karkarwa. Mutum shida kawai ya gina shi a kansu, duk maza. Uku ya duba su da hannunsa. Biyu a titi ya tare su ya yi musu tambayoyi. Ɗaya daga nesa kawai ya hango shi, mai rakiya na riƙe da shi, in ya fara tafiya sai ya zarce da gudu har sai an tare shi. Akwai mai aikin lambu ɗan sama da 50, akwai tsohon ma'aikacin kotu ɗan 62, akwai tsohon matuƙin jirgin ruwa ɗan 65.

Kafin shi an san karkarwa, an san tafiya mai kama da gudu, amma ana ɗaukar su ciwo dabam-dabam. Shi ne ya haɗa su ya nuna ciwo ɗaya ne mai matakai. Ya ce farkonsa ba ya ko jin duriya, har majinyaci ba ya iya tuna ranar da ya soma. Sai ɗan rauni da rawa a hannu ɗaya. Bayan shekara ko fiye, ɗaya hannun ya kama. Can gaba mutum ya fara duƙawa, rubutu ya gagara, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, tafiya ta zama aikin da sai an sa hankali. Bayan shekaru kuma murya ta yi ƙasa, bayan gida ya yi tauri, barci ya lalace, haɗiya ta yi wuya, miyau ya riƙa zuba. Ya lura rawar tana zuwa ne lokacin da hannu yake ajiye, saɓanin rawar da ke zuwa in an miƙa hannu za a ɗauki abu.

Biyu daga cikin shidan sun fi shafar maganarmu. Na huɗu, ɗan kimanin 55, ya shekara biyar yana karkarwa, amma abin da ya kawo shi wurin likita kumburi ne a haƙarƙarin hagu. Parkinson bai ce ai ciwonsa ne na da ba. Ya tsaga wurin, ya fitar da mugunya kusan rabin lita, mutumin ya warke daga wannan, karkarwarsa kuma tana nan yadda take.

Na shida dattijo ne ɗan 72. Ciwonsa ya soma a hannun hagu shekara 11 ko 12 a baya. Sai da aka yi kusan shekara uku kafin ya kama hannun dama, aka ƙara wasu uku kafin ya sauka ƙafafu. To, wata rana cikin dare ya farka ya ji ɓarin jikinsa na dama ya kusa mutuwa, bakinsa ya karkace. Abin mamaki, muddin ɓarin nan yana shanye, rawar ta tsaya cak a wannan gefe. Cikin mako biyu ƙarfi ya dawo, rawar ma ta dawo. Yau likita zai ce shanyewar ɓarin jiki ce ta faɗa masa a kan tsohon ciwonsa. Wancan ya ɗauki shekara 12 yana rarrafe, wannan kuwa dare ɗaya ya zo. Parkinson ya rubuta su a matsayin abu biyu.

Akwai inda bai dace ba. Ya zaci tushen ciwon yana saman lakar wuya. Ya ce hankali ba ya taɓuwa, alhali yanzu an san wasu suna samun mantuwa da ruɗewa in ciwon ya daɗe. Maganin da ya ba da shawara shi ne na zamaninsa, a zubar da jini a wuya, a ɗora abin da zai tada bororo a fata. Amma ya roƙi masu binciken gawa su dubi ƙwaƙwalwar irin waɗannan marasa lafiya, yana fatan wata rana a gano dalili.

Ƙarshensa

A 1823 Kwalejin Masu Fiɗa ta Landan ta ba shi lambar zinariya, galibi saboda aikinsa kan duwatsu. Ranar Lahadi 19 ga Disamba 1824 ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗansa John ya yi jinyarsa, ya rasu ranar Talata 21 ga wata yana da shekara 69. Ba ciwon da ke ɗauke da sunansa ne ya kashe shi ba, irin na dare ɗayan nan ne da ya gani a jikin dattijo na shida. Babu hotonsa ko guda da aka tabbatar, kabarinsa ma ba alama, sai wani allo da aka kafa a cocin a 1955.

Ɗan littafin nasa ya daɗe a kwance. A shekarun 1870 babban likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, Jean-Martin Charcot, a asibitin Salpêtrière na birnin Paris, ya nuna cewa marasa lafiyan ba shanyewa suke yi ba, sanƙarewa ce da nauyin motsi, kuma ba duka ne ke karkarwa ba. Sai ya ce a riƙa kiran ciwon da sunan Parkinson. Shi ya sa har yau sunan da ke kan takardun asibitocinmu na Kamaru ke nan.

A 1919 aka tabbatar ɓarnar tana wani ɗan baƙin yanki can cikin ƙwaƙwalwa. A 1960 a birnin Biyana aka gano masu ciwon sun rasa wani sinadari, dofamin, wanda ke sassauta motsi. A 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna cewa lebodofa, in an sha shi daidai gwargwado, yana tada wanda ya sanƙare. Shi ne cikin ƙwayoyin Modopar da Sinemet. Ƙwayoyin halittar da ke yin dofamin kuwa kaɗan-kaɗan suke mutuwa cikin shekaru, abin da ya gaskata tafiyar hawainiyar da Parkinson ya gani da ido.

In jiki ya rikice farat ɗaya

To, me wannan ke gaya wa mai jinya a gida? Akwai hawa da sauka na cikin yini, wanda ya saba: bayan shekaru ana shan lebodofa, ƙwaya ɗaya takan yi aiki awa uku ko huɗu, jiki ya sanƙare, a sha ta gaba ya saki. Wannan a gaya wa likita ya gyara lokutan sha. Amma in cikin kwana ɗaya zuwa mako mutum ya lalace gaba ɗaya, ya daina tafiya, ko ya fara sambatu yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, kada a ce ajali ne ya matso, kada kuma a tsaya kan maganar sammu ko iska. A yi addu'a, a kuma nemi dalili.

Na farko zazzaɓi da ƙwayoyin cuta: na cizon sauro, na mafitsara, da ciwon huhu, wanda ke yawan kama masu wahalar haɗiya domin abinci ko ruwa na sulalewa ta hanyar numfashi. Tsoho yakan kamu da waɗannan ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba, ruɗewar ce kawai alamar. Na biyu ƙarancin ruwa a jiki. A Maris da Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40, dattijo kuma yakan rage shan ruwa don gudun wahalar zuwa bayi. Na uku taurin bayan gida, wanda Parkinson da kansa ya ambata: in ciki ya cushe, ƙwayar ba ta isa hanji a kan lokaci, sai ka ce ba a sha ba. Nama da nono da wake in an ci su tare da ƙwayar suna rage mata ƙarfi, haka ma ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, don haka a raba lokacinsu.

Na huɗu, kuma mafi haɗari, yankewar magani. Ya ƙare a farmasi, ko kuɗi sun yanke, ko an kwantar da mutum asibiti don wani ciwo aka manta da ƙwayoyinsa. Tsayar da lebodofa kwatsam yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sanƙarewar jiki duka da gushewar hankali, har ya kai ga rasa rai. A riƙa sayen na gaba tun da sauran na mako biyu. Azumi ma ya shigo nan: wanda ke shan ƙwaya sau uku ko huɗu a yini ya zauna da likitansa kafin watan ya kama, kuma mun san shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Na biyar sabon magani. Wasu ƙwayoyin amai kamar Primpéran, da na kwantar da masu taɓin hankali kamar Haldol da Largactil, suna toshe aikin dofamin. Allura ɗaya tana iya daskarar da mai cutar Parkinson. Duk inda aka je, asibiti ko kantar magani, a faɗi ciwon da yake da shi tun kafin a rubuta komai. Na shida faɗuwa: tsohon da ya bugu a ka, jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, ya ruɗe bayan kwanaki ko makonni. In kuwa baki ya karkace, ko ɓari ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, to irin na dattijo na shida ne, a nufi asibiti a take, ko da dare ne.

Parkinson ba shi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ba shi da gwajin jini. Tambaya ce jarinsa: yaushe abin ya fara, me ya fara kamawa, me ya biyo baya. Wannan kowane gida zai iya. A ba ɗan makaranta guda a gidan littafin rubutu, ya riƙa sa lokacin da Baba ya sha ƙwaya, ranar da ya yi bayan gida, ranar da ya faɗi, da duk sabon maganin da aka ba shi. Ranar da jiki ya rikice, a ɗauki littafin da kwalayen magungunan duka a tafi da su. Likitan da ya ga an rubuta cewa ranar Litinin dattijo ya je kasuwa da ƙafarsa, ranar Laraba ya kasa zama, ya san inda zai fara dubawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.